Fina-finanmu na yanzu: me ya sa labari yake ja har ya rasa inda zai tsaya?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina fata waɗanda suka san harkar fim daga ciki, da waɗanda suke kallo da idon basira, za su taimaka mini da amsa. Duk wanda ya duba abin da Kannywood take fitarwa tun daga shekarar 2020 zuwa yau zai ga cewa kusan duk abin da jama'a suke magana a kansa fim ne mai dogon zango, wanda ake sakin sa kashi-kashi kowane mako a YouTube ko a tashar Arewa24. Fim na sa'o'i biyu, wanda iyali za su zauna bayan sallar isha'i su fara shi su kuma ga ƙarshensa a daren, ya zama abin da sai an nema.

Ina bin irin waɗannan shirye-shirye, kuma na lura da wata ɗabi'a da ta game yawancinsu. Zangon farko yakan zo da ƙarfi, an san wane ne yake neman me, an san abin da ya tare masa hanya, mai kallo yana ɗokin mako ya zagayo. Da zarar an shiga zango na uku ko na huɗu, sai labarin ya riƙa kewaya wuri guda. A wani kashi da na kalla kwanan nan, an kama wani saurayi a gaban idonmu, sannan aka aiki ƙanwarsa ta shaida wa mahaifiyarsu. Yarinyar ta ba Hajiya labari tun daga farko har ƙarshe, Hajiya ta ɗauki waya ta maimaita wa Alhaji, shi kuma Alhaji ya kira ƙaninsa ya sake zayyana masa abin da mu masu kallo muka riga muka gani da idonmu. Kashin ya ƙare babu wanda ya taka ƙafa zuwa ofishin 'yan sanda.

A daidai wannan lokaci kuma, Yarbawa sun fitar da Anikulapo a 2022 da Jagun Jagun a 2023 a Netflix, da harshensu, kowanne labari ne da aka fara aka rufe a zama ɗaya, kuma har mu da ba ma jin Yarbanci mun zauna mun kalla da fassarar da ake rubutawa a ƙasa. Mu kuwa, da aka zaɓi Mai Martaba a 2024 domin ya wakilci Najeriya a gasar Oscar, yawancin mutanen da na sani a labarai suka ji sunansa, ba su san inda za su gan shi ba.

Tambayata ita ce: marubuta muka rasa, ko kuɗi ne babu, ko kuwa mu masu kallo ne muka fi son abin da ake jan sa? Sannan waɗancan fina-finai na Netflix da muke yabo, da gaske sun fi namu labari, ko ƙyallin hoto ne yake ɗauke mana ido?

Bazazzagi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Fagge. Na yi shekaru ina aikin haɗa hoto da sauti a wannan masana'anta, saboda haka zan amsa ɓangaren farko na tambayarka daga abin da na gani a ɗakin aiki. Jan labari ba YouTube ne ya kawo shi ba, ya dai ƙara masa ƙarfi ne. Tun bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, kasuwa ce take yanke wa fim tsawonsa. A zamanin kaset, da kuma na faifan CD da ya biyo baya, dillalan fina-finai na Ƙofar Wambai da Bata a Kano su ne suke riƙe da kuɗin, kuma labarin da zai iya ƙarewa a kaset ɗaya akan raba shi gida biyu, wani lokaci har na uku da na huɗu, domin a sayar da kaset biyu maimakon ɗaya. Wanda ya yi wayo a wancan lokaci zai tuna yadda ake yanke fim a daidai inda hankali ya fi tashi, a rubuta cewa a nemi na biyu.

Abin da ya kashe waccan kasuwa shi ne satar fasaha da shagunan tura fina-finai a waya. Fim zai fito da safe, kafin magariba yana cikin wayoyin mutane a kan kuɗi kaɗan, furodusa kuwa ko sisi bai shiga aljihunsa ba. An koma sinima, amma gidajen sinima na zamani a Arewa ba su taka kara sun karya ba, kuma akwai gidaje da yawa da ba a barin mata da 'yan mata su je sinima, alhali su ne ƙashin bayan masu kallo. Da annobar korona ta zo a 2020 aka rufe wuraren taruwa, sai ya zama YouTube ce babbar ƙofar da ta rage a buɗe. A wannan shekara ce shirye-shiryen Labarina da Izzar So suka nuna wa kowa cewa ana iya tara dubban ɗaruruwan masu kallo a kan kowane kashi, sai masana'antar duka ta karkata can.

Yanzu ka duba yadda kuɗin yake shigowa, za ka ga inda maimaicin da ka kwatanta ya samo asali. YouTube tana biya ne daga tallan da ake sakawa a cikin bidiyo, kuma bidiyon da ya kai minti 8 zuwa sama ana iya sa masa talla a tsakiya. Kashin da ya kai sa'a guda yana ɗaukar talla da yawa, kuma tashar da take sakin sabon abu kowane mako ita manhajar take turo wa mutane. Kuɗin tallan ma ba ɗaya ba ne, domin kallon da aka yi daga Saudiyya ko Ingila ko Amurka ya fi wanda aka yi daga Kano kawo kuɗi nesa ba kusa ba. Saboda wannan kuɗi ba ya isa, sai furodusa ya nemi masu ɗaukar nauyi, masu sayar da filaye da atamfa da turare da magungunan gargajiya, su kuma sukan biya ne a kan kowane kashi. Ranar da labari ya ƙare, ranar ce duk waɗannan hanyoyi suke tsayawa, kuma babu tabbacin cewa masu kallo za su biyo ka zuwa sabon labari.

Game da ofishin 'yan sandan da ba a je ba kuwa, amsar tana cikin lissafin ɗauka. Idan an kama hayar gida guda, an kafa fitilu a falo, an tayar da janareta, a wuni ɗaya ana iya ɗaukar zaman hira da yawa, jaruma ta shiga ɗaki ta sauya mayafi ta dawo ta zauna a kujerar da ke kusa. Zuwa ofishin 'yan sanda kuwa sabon wuri ne, da kayan sarki, da mota, da abincin ƙarin mutane, da neman izini, kuma abin da za a samu daga wannan wahala bai wuce minti uku a fim ba. Duk furodusan da yake ƙirga mintoci da naira zai zaɓi Hajiya ta ɗauki waya.

Ban yarda cewa marubuta muka rasa ba. Ƙasar da ta samar da ɗimbin marubutan littattafan Hausa tun daga shekarun 1980, mafi yawansu mata, ba za a ce ta rasa masu iya saƙa labari ba. Abin da na gani da idona shi ne marubuci ne ake biya mafi ƙaranci, kuma sau da yawa ana ɗaukar kashi na goma alhali bai rubuta na sha biyu ba. Akwai ranar da aka kawo mini hotunan wani kashi, na haɗa su tsaf suka tsaya a minti arba'in, aka ce in mayar da duk abin da na yanke, har da shigowar mota cikin gida, da buɗe ƙofa, da gaisuwar da aka yi sau biyu, domin a cike sa'a guda. Wannan shi ne gaskiyar abin da yake faruwa, kuma yana yi mini ciwo, domin na san kashin minti arba'in ɗin ya fi kyau.

Kada kuma mu ɗauka cewa manyan manhajojin waje suna nan suna jiran mu. A watan Janairun 2024 kamfanin Amazon ya daina ba da kwangilar sababbin fina-finai na Afirka a Prime Video, shekara guda ke nan ba ta cika ba da fitar da Gangs of Lagos. Namu na gida irin su Northflix da Kallo sun yi ƙoƙari, sai dai al'adar biyan kuɗin wata domin kallo ba ta zauna ba tukuna, ga shi kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data.

Maman Ummi ta amsa:

Malam Bazazzagi, Allah ya saka da alheri, ka fayyace abin da yawancinmu ba mu sani ba. Sai dai ina da ja a kan yadda Malam Ɗan Fagge ya ɗora tambayarsa, domin ya yi magana kamar fim na sa'o'i biyu wani abin alheri ne da muka yi asararsa. Mu da muka kalli waɗancan fina-finai tun muna 'yan mata mun san abin da yake cikin yawancinsu: saurayi ɗaya da 'yan mata biyu, ko budurwa ɗaya da samari biyu, da waƙa uku ko huɗu da ake rawa a cikin lambu, sannan a hanzarta rufe labarin a minti goma na ƙarshe da hatsarin mota ko da wasiyyar mamaci. Akwai masu kyau a cikinsu, ban musa ba, amma ba su ne suka fi yawa ba.

Fim mai dogon zango ya kawo abubuwan da ya kamata a yaba. Ya rage rawa da waƙa ƙwarai, ya ba dattawan 'yan wasa wurin da za su nuna ƙwarewarsu maimakon su fito sau biyu su ce sun yarda ko ba su yarda da aure ba, kuma ya buɗe ƙofar batutuwan da sa'o'i biyu ba sa ɗauka. Shirin Daɗin Kowa ya gina gari guda da mutanensa, da malaminsa da ɗan kasuwarsa da almajirinsa, har mutane suka riƙa magana a kansu kamar maƙwabtansu. Kwana Casa'in ya shiga cikin siyasa da cin hanci da aikin jarida ta yadda ban taɓa gani a fim ɗin Hausa ba kafin shi. Irin wannan gini yana bukatar lokaci. Kuma a tuna cewa mace mai kallo sau da yawa wayar tana jingine a jikin kwano tana yankan alayyafo, yaro yana kuka, ana sallama a ƙofa, saboda haka maimaicin da yake gundurar mai zaune a kujera shi ne yake sa ita ba ta ɓata a labarin ba. Ban ce wannan ya halatta a maimaita magana sau huɗu ba, amma ya kamata a san wa ake yi wa fim ɗin.

Abin da ni yake damu na ba tsawo ba ne, rashin bincike ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma da wuya in kalli fitowar asibiti ban ji takaici ba. Za ka ga mara lafiya an rataye masa ledar ƙarin ruwa, an manna bututun a bayan hannunsa da filasta babu allurar da ta shiga jijiya, ruwan ma ba ya ɗiga. Likita zai fito ya cire tabarau ya ce mara lafiya ya manta duk rayuwarsa ta baya, sai dai a yi addu'a, kuma wannan ciwon mantuwa ya addabi jaruman fina-finanmu fiye da zazzaɓin cizon sauro da hawan jini da ciwon suga, waɗanda su ne suke cika mana gadaje. Tambayar ma'aikacin asibiti ɗaya kafin a ɗauka ba ta cin ko naira, kuma na tabbata lauyoyi da alƙalai suna jin irin wannan takaici idan aka nuna kotu. Wannan ba laifin YouTube ba ne, sakaci ne.

Na biyu shi ne yadda ake nuna mata. Ko dai baiwar Allah ce da ake zalunta tana kuka daga zango zuwa zango, ko kuwa makira ce mai bin bokaye domin ta mallake miji ko ta kori kishiya. Macen da take fita aiki, take rigima da mijinta a kan kuɗin makarantar yara su kuma shirya, take da ƙawar da ba ta cin amanarta, ba a cika ganinta ba, alhali irinta ce ta fi yawa a cikin masu kallo. Gidajen da ake nunawa ma yawanci na masu hannu da shuni ne, da bene da motoci a jere, har yarinya ta ɗauka cewa auren da ba a irin wannan gida ba bai cika aure ba.

A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-Finai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye 22 masu dogon zango saboda ba a kai mata su ta duba kafin a sake su ba. Aikinta ke nan, amma hukuma tarbiyya da bin doka take dubawa, ba za ta ce wa marubuci labarinsa ya yi rauni ba. Wannan aikin masu sharhi ne, kuma su ne muke da ƙarancinsu. Wanda duk ya rubuta gyara a ƙarƙashin bidiyo, nan take magoya bayan jarumi za su ce hassada ce take cin sa.

Badamagare ya amsa:

Gaisuwa gare ku daga Damagaram. Hajiya Maman Ummi ta faɗi gaskiya a kan bincike, ni kuma zan taɓa ɓangare na biyu na tambayar, wato ko fina-finan manyan manhajoji sun fi namu. A ganina sun fi mu hoto da sauti da kayan sawa, wannan babu gardama, amma idan labarin ya shafi ƙasar Hausa sukan yi tuntuɓe a wurin da ɗan ƙaramin shiri na YouTube ba ya yi, wato harshe da ɗabi'a. Fim ɗin Amina da ya fito a Netflix a 2021 an kashe masa kuɗi, an yi yaƙe-yaƙe da dawaki, amma sarauniyar Zazzau da fadawanta da Turanci suke magana. Wanda ya san fada ya san cewa rabin sarauta a harshe take, a kirari, da yadda ake faɗuwa gaisuwa, da yadda sarki ba ya ɗaga murya sai a isar da maganarsa. Idan aka cire wannan, abin da ya rage tufafi ne kawai. Yarbawan da Malam Ɗan Fagge ya ambata ba su yi wannan kuskure ba, sun bar sarakunansu da mayaƙansu suna magana da harshen kakanninsu, kuma ina ganin wannan ne ya ba fina-finansu nauyi fiye da tsadar kyamara.

Akwai kuma wani dalili da ya sa Hausa ta fara samun shiga manyan fina-finai, wanda ya kamata mu sani. A 2019 an cire fim ɗin Najeriya mai suna Lionheart daga gasar Oscar saboda yawancin maganar cikinsa Turanci ce, alhali rukunin fina-finan ƙasashen waje yana bukatar wani harshe. Shekarar da ta biyo baya sai Najeriya ta aika The Milkmaid, wanda aka ɗauka a jihar Taraba kuma yawancinsa da Hausa ne, sannan aka aika Mai Martaba da aka ɗauka a Daura. Abin farin ciki ne, amma akwai haɗari a ciki: fim ɗin da aka shirya da tunanin alƙalan gasa na ƙasashen waje yakan zama an yi shi a kanmu, ba domin mu ba. Alƙalin da yake karanta fassara a ƙasan allo ba zai ji cewa ɗan wasa haddace Hausar ya yi ba, mu kuwa kalma ɗaya ta isa mu gane. Ina ganin ma'aunin irin wannan fim shi ne a nuna shi a Daura ko a Maraɗi a ga ko mutane za su zauna har ƙarshe.

Ina so kuma in ja hankalinku ga wani nau'i da ba a ambata ba, wato fim na rayuwar gaskiya, wanda babu wasan kwaikwayo a cikinsa. A 2021 Aïcha Macky, 'yar garinmu, ta fitar da fim mai suna Zinder a kan matasan unguwar Kara-Kara, unguwar da aka daɗe ana ware ta saboda a can aka tara masu cutar kuturta. Ta bi samarin da suke ɗaga ƙarfe, da masu fasa-ƙwaurin fetur daga iyakar Najeriya, da matan da rayuwa ta jefa cikin zaman kansu, suna magana da Hausarsu ta Damagaram yadda suke yin ta a titi. Bai kai sa'a ɗaya da rabi ba, amma akwai abin da ya nuna mini game da garin da aka haife ni wanda ban sani ba. Nijar tana da tsohon tarihi a harkar fim, domin Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972. Duk da haka, shi ma fim ɗin Zinder an fi ganinsa a bukukuwan fina-finai na Turai fiye da gidajenmu, saboda haka matsalar isar da fim ga masu shi ta shafe mu duka.

Ƙorafina na ƙarshe a kan shirye-shiryen Kano shi ne kowa Kananci yake yi. Idan aka ji Sakkwatanci ko Hausar Nijar, to mai gadi ne ko wanda aka kawo domin a yi dariya, alhali muna cikin masu kallon da ake ƙirgawa.

Ɗalibin Jami'a ya amsa:

Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in sa baki a matsayin ƙaraminku. Mu matasa da yawa mun koma kallon fina-finan Indiya da aka fassara da Hausa, da na Turkiyya, da na Koriya, kuma ba tsawo muke gudu ba. RRR na Indiya ya kai sa'o'i uku, mun kalle shi ba mu ƙosa ba. Zangon farko na Squid Game kashi 9 ne kawai, kuma tun daga kashi na farko ana jin cewa wanda ya rubuta ya san inda za shi. Abin da yake kore mu daga namu shi ne kusan nau'i ɗaya ake yi, wato rikicin gida da soyayya da gado, sai kuma barkwanci. Ba mu da fim na binciken kisan kai da za a bi sawu har a gano mai laifi, ba mu cika samun na tarihi ba duk da muna da ganuwar Kano da tarihin Gobir da Katsina da Kabi, kuma tatsuniyoyinmu na aljanu da dodanni suna nan babu wanda ya mayar da su fim na ban tsoro da aka yi da hankali. Labarin bincike ma ai ana iya yin sa a gida ɗaya, irin gidan hayar da Malam Bazazzagi ya kwatanta, idan rubutun ya yi ƙarfi.

Ɗan Fagge ya sake rubutawa:

Na gode muku duka. Hajiya Maman Ummi, na karɓi maganarki cewa dogon zango ya buɗe ƙofofin da a da suke rufe, kuma batun asibitin da kika kawo ya sa na tuna fitowar kotu da yawa da lauya yake yi wa alƙali tsawa. Sai dai har yanzu ina nan a kan cewa labarin da marubucinsa bai san ƙarshensa ba yana cutar da mai yankan alayyafo kamar yadda yake cutar da mai zaune a kujera, domin ita ma datarta take ƙonawa. Malam Bazazzagi, maganar ƙaninmu ɗalibi ta sa ni wata tambayar: shin shiri mai kashi goma ko sha uku, wanda aka rubuta shi duka kafin a kunna kyamara, aka kuma sanar tun farko cewa a nan zai ƙare, zai iya mayar da kuɗinsa a yadda kasuwa take a yau?

Bazazzagi ya sake amsawa:

Zai iya, Malam, amma da sharuɗɗa, kuma ba kowane furodusa ne zai iya cika su ba. Rubutun da aka gama kafin ɗauka yana rage kashe kuɗi, domin ana iya tattara duk fitowar da za a yi a wuri ɗaya a ɗauke su a jere, a sallami jarumi mai tsada cikin 'yan kwanaki maimakon a riƙa kiransa wata bayan wata. Wahalar ita ce dole a sami kuɗin aikin gaba ɗaya tun farko, alhali yawancin masu shiryawa da kuɗin kashin wannan mako suke ɗaukar na mako mai zuwa. Sharaɗi na biyu shi ne tashar ta kasance tana da wani labarin a shirye wanda zai hau a makon da na farko ya sauka, domin kada masu kallo da masu talla su watse. Wannan yana nufin a riƙe marubuta biyu ko uku ana biyansu suna aiki a lokaci ɗaya, kuma a sa mai kallo ya saba da bin sunan tasha da na marubuci, ba fuskar jarumi kaɗai ba.

Masu talla ma ana iya shawo kansu, domin shirin da aka san kashi goma sha uku ne ana iya sayar musu da shi a dunƙule, su san adadin makonnin da suka saya. Tashoshin da suka riga suka tara mabiya masu yawa su ne suke da ƙarfin gwada wannan, tun da ko labari ɗaya bai karɓu ba ba za su durƙushe ba. Shi kuma ƙaninmu ɗalibi, idan da gaske yana da labarin bincike da zai gudana a gida ɗaya, ya zauna ya rubuta shi har kashi na ƙarshe kafin ya nuna wa kowa, ya kuma kai wa ɗan sanda ko lauya ya duba masa, domin furodusa ya fi saurin sauraron wanda ya zo da rubutu kammalalle da lissafin wuraren da za a ɗauka a hannunsa.